Tiyar Dabo Mai Awo

A layin 'yan hatsi na kasuwar Illela akwai wata tsohuwa gajeriya mai kaifin ido, ana ce da ita Lamin Dabo. Ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa yin kamar tana da ita ba. In ka taya mata gero da wulaƙanci ba za ta ce maka albarka ba kamar sauran mutane. Ido za ta zuba maka har ka ji kunyar bakinka, ka ƙara da kanka. Duk da haka ranar Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, a gabanta mutane suka fi yin cincirindo. Baƙi suna zaton haka Allah ya halicce ta da ɗaurarriyar fuska. Mutanen garin sun san mai da ita haka aka yi, kuma sun san wanda ya yi.

'Yar Araba ce, aure ya kawo ta Illela. Mijinta Dabo mai awo ne, shekara talatin da 'yan kai yana zaune a rumfa ɗaya da tiya ɗaya, wato kwanon nan da ake auna hatsi da shi. Awon Dabo abin kallo ne. Zai cika tiya har ta yi tozo, ya kewaye bakinta da hannunsa don kada tozon ya zube, ya juye maka, sannan ya damƙo gyara ya watsa a kai. Fulani in sun sayar da sa sun zo sayen gero, ajiye buhu suke yi su tafi sallah, ba mai tsayawa ya ga yadda ake aunawa. Matan Ƙonni su tsallako iyaka da sefarsu a ƙulle a bakin zane, su wuce rumfa goma su zo tasa. Dabo bai tara dukiya ba. Gida ɗaya gare shi na ƙasa da gona a Araba, sai sunan nan nasa, kuma Lami da sunan take taƙama a cikin mata.

Mannir kuwa ɗan Alhaji Sahabi ne, maƙwabcin Dabo a kasuwa. A gaban Lami ya girma, Inna yake kiranta. Ya yi fatauci zuwa Kwatano da Legas, ya ga manyan kantunan da mutum ke shiga ya tura keke ya ɗebi abin da yake so, ya dawo da niyyar kafa irinsa a bakin iyaka. A faɗi gaskiya mutum ne mai kai. Ya gina katafaren kanti a bakin titi, ya zuba atamfofi da takalma da kwanuka da katifu da sabulu, a can ƙarshe kuma shinkafa da sukari da gero an ɗaure su a leda, an rubuta wa kowace leda tiya ɗaya. Babu tayi, babu albarka, babu gyara, kuɗin kowane kaya a manne yake a jikinsa, kuma ya fi na kasuwa sauƙi. Ya raɗa wa kantin suna Sa'ar Talaka.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Mutanen Illela za su sayi bokiti da silifa a ko'ina, amma hatsi ba sa sayensa a ɗaure, sai sun ga an auna a gabansu, kuma a wurin wanda suka yarda da hannunsa. Mannir ya duba ya ga muddin mutane na cewa a je wurin Dabo, ledojinsa sai dai su kwana a kan kanta. Sai ya yi dabara.

Ranar buɗe kanti an kafa rumfuna, an kawo makaɗa da lasifika. Lami ta ci ado da sabuwar atamfa, ta je tare da matan unguwa, har guɗa ta rangaɗa lokacin da aka yanke zare, don a ganinta ɗanta ne ya yi arziki. Mannir ya hau tebur ya karɓi lasifika, aka miƙo masa wani ƙullin shinkafa da wata tiya.

"Jama'a, ku diba!" in ji shi. "Wagga shinkahwa yanzun ga anka auno ta wurin Baba Dabo, wanda kuka cewa babu awa shi. Tiya guda anka biya."

Ya juye ta a cikin tiyar da ke hannunsa. Shinkafar ba ta kai baki ba, balle ta yi tozo. Ya karkata kwanon kowa ya gani.

"Kun gani? In awon Dabo haka shike, na sauran hwa?"

Sannan ya yage ledar kantinsa ya zuba, ta cika ta tumbatsa. Wuri ya kaure da sowa. Lami tana tsaye kusa da teburin, kuma matar mai awo ce, kallo ɗaya ta yi wa gindin kwanon ta gane. Tiyar saye ce, irin wadda 'yan sari ke bubbuge gindinta ya faɗa waje don ta ci hatsi da yawa idan za su saya a hannun manoma. Ledar da ya yage kuwa musamman aka cika ta don ranar. Ta ɗaga murya ta ce a juya kwanon a dubi gindinsa, amma makaɗa sun riga sun saki kalangu, kuma muryar mace ɗaya ba ta ja da lasifika. Wata mata a bayanta ta ce, "Ashe, ashe!" Lami ta dawo gida ta tuɓe atamfar nan, ba ta sake ɗaura ta ba har yau.

Bayan kwana uku Halliru, shugaban 'yan awo, ya tara dattawan layi aka gwada tiyar Dabo da ta kowa, aka same ta daidai, ba ragi ko na ƙwaya. Mutum tara ne suka shaida wannan a cikin rumfa. Waɗanda suka ji lasifika sun fi dubu. Dabo ya je ya sami Alhaji Sahabi, shi kuma ya ce ya yi haƙuri, talla ce irin ta 'yan zamani. Shi Mannir ko leƙowa bai yi ba. Kafin wata ya ƙare an laƙaba wa bawan Allah suna Dabo Rabin Tiya, har a masallaci in liman ya taɓo zancen masu tauye mudu sai ka ga ana satar kallonsa.

Ya daure wata biyar. Abin da ya karya shi ƙaramin abu ne. Wani Bafulatani, Maccido, wanda ya shekara ashirin yana ajiye masa buhu ya tafi, ya zo ranar wata Lahadi ya sayi gero tiya goma. Da aka gama awo sai ya zaro wani kwano daga cikin jakarsa, yana sunkuyar da kai, ya ce bari ya ɗan gwada. Dabo ya bari ya gwada, awo ya cika, Maccido ya yi ta ba da haƙuri. Da la'asar Dabo ya wanke tiyarsa ya kawo gida ya miƙa wa Lami, ya ce ta ajiye. Ya koma noma a Araba, mutumin da gwiwarsa ta riga ta saba da zama. Damina biyu ya yi, ya kwanta ciwon kwana shida, ya cika.

Ranar sadakar uku Mannir ya aiko da buhun shinkafa. Lami ta sa aka ɗora shi a baro aka mayar har ƙofar kantin, ko ɗinkin bakinsa ba a kwance ba. Mata suka yi ta ba ta baki, wai ta bar wa Allah. Ta ce ta bar masa, amma tana roƙon ya yi sakayyar tana gani. Tun daga ranar addu'arta ɗaya ce bayan kowace sallah, kuma ba a ɓoye take yinta ba: Allah ya ja kwananta, ya ja na Mannir. Ba ta son ya mutu. Tsoronta kenan ma, kada wani hatsarin mota ya riga ta.

Da ta fita takaba ta karɓi rumfar mijinta ta zauna awo, da wata tiya da ta saya. Ta Dabo tana cikin ɗaki a naɗe da tsohon rawaninsa. Daga inda take zaune tana hango rufin Sa'ar Talaka, kuma a gaban idonta abin ya yi ta bunƙasa. Aka buɗe reshe a Gwadabawa, aka buɗe a Gada da Tangaza da Kware, aka buɗe biyu a cikin Sakkwato. Motocinsa masu launin ruwan ɗorawa suna ta kai da kawowa tsakanin Ƙonni da rassan nan. Uwar amarya ta shiga da safe ta fito da kayan ɗaki kaf kafin azahar. Rediyo ba ta da zance sai nasa: tiya ɗaya, kuɗi ɗaya, ko a ina. 'Yan awo da yawa suka nannaɗe tabarminsu suka koma acaba da dako. Mannir ya zama Alhaji, ya yi tumbi, in ya wuce ta layin hatsi a mota gilashi a rufe yake. Lami kan bi motar da ido har ta ɓace, ta tofar da goro, ta ci gaba da awonta. 'Yarta Iklima ta sha ce mata wannan ƙiyayya za ta ci ta. Lami ta ce ai ƙiyayyar ce ke riƙe da ita, ba don ita ba da tuni ta bi Dabo.

Shekara tara ana haka. A ciki aka rufe iyaka, aka buɗe, aka sake rufewa. Naira ta yi ta zubewa a gaban sefa, kayan da Mannir ke shigowa da su da arha suka yi tsada, kuma ya riga ya cika wa duniya kunne cewa shi ne mai sauƙi. Ya ƙara kuɗi sau ɗaya, sau biyu, ya ga mutane sun fara komawa kasuwa. To, maimakon ya ƙara na uku sai ya fara rage cikin leda. Kaɗan-kaɗan ya yi ta tsakura, rubutun jikin leda kuwa yana nan yadda yake. Ya san mutanensa: sun ga an cika kwano sau ɗaya a kan tebur shekaru da dama da suka wuce, ba wanda zai sake gwadawa.

A gidan suna asirin ya fara tonuwa. Maƙwabciyar Lami, Hindatu, ta sayi leda goma sha biyu na shinkafa don sunan jikanta. Duk macen da ta taɓa girkin taro ta san abin da tiya goma sha biyu ke ciyarwa. Aka dafa, aka raba, abinci ya ƙare dangin uban jariri da suka taso daga Garu ba su samu ba. Hindatu ta shige ɗaki tana kuka, ana ta zargin masu rabo da ɓoye kwanuka. Lami tana gefe. Ta ga leda ɗaya da aka ware don kunun mai jego, ta ɗaga ta a tafin hannu, ta ɗan jijjiga. Sai ta ji ba ta kai nauyin tiya ba. Ta ce wa Hindatu ta ara mata ledar nan. Ta shiga ɗakinta ta kwance rawanin Dabo, ta zuba a tiyarsa, shinkafar ba ta kai baki ba. Ta daɗe a zaune tana kallon kwanon, sannan ta yi sujada.

Lahadin da ta biyo ba ta buɗe rumfa ba. Ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar dogon yaron da ke tsallaken titi, daidai ƙofar Sa'ar Talaka, ta ajiye faifai, ta ɗora tiyar Dabo a kai. Duk wanda ya fito da leda sai ta ce, "Awo kyauta! Zaka in auna maka, ko sisi ba ni so." Mutane suna dariya suna wucewa, wasu na cewa tsufa ya fara taɓa Lamin Dabo. Har rana ta take ba wanda ya tsaya.

Wanda ya fara tsayawa Maccido ne, Bafulatanin nan, ya tsufa yana dogara sanda, da ledar gero biyu a hannu. Tun rasuwar Dabo ba ya iya haɗa ido da ita. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya miƙa mata leda ɗaya ba tare da ta roƙa ba. Lami ta miƙe tsaye, ta ɗaga kwanon sama yadda na nesa zai gani.

"Kun san wagga? Ita ta tiyar Dabo. Rabin tiya kunka ce, ko ba ku ce ba? Tiyar ɓarawo ta. To ku matso ku ga abin da Alhaji ka sai muku."

Ta yage ledar ta zuba. Gero ya tsaya yatsa uku ƙasa da baki. Ta girgiza ledar, ta juya ta ciki waje, ta kakkaɓe.

"Ko tiyar ɓarawo bai cika ba," in ji ta. "To shi mi za a kira shi?"

Mai sukari ya miƙo tasa, mai shinkafa ta miƙo tata. Kafin la'asar titi ya toshe, masu waya suna ta ɗauka. Manajan kantin ya fito ya ce ta tashi, ta ce a nuna mata inda aka rubuta sunan Alhaji a jikin dogon yaro. Ya koma ya dawo da ambulan na kuɗi, ta ce ya ajiye a cikin kwanon ko Allah ya sa ya cika. Halliru ya zo da tiyoyi uku na 'yan layi don kada a ce tata ce aka taɓa, duka ukun ba wadda leda ta cika.

Daga nan abin ya fi ƙarfin Lami, ko da yake ba ta fasa zuwa gindin bishiyar ba ko Lahadi ɗaya. Tsofaffin 'yan awo na Gwadabawa da Gada suka kwaikwaye ta, kowa ya ɗauki kwanonsa ya zauna a ƙofar reshen garinsu. Da mutane suka daina yarda da shinkafa sai suka koma gwada komai. Teloli, waɗanda aka shekara biyu ana zarginsu da satar ƙyalle, suka fito da tef ɗinsu, aka ga turmin atamfar Sa'ar Talaka yadi biyar da rabi ne maimakon shida. Waɗannan sun fi Lami zafi ma. Mannir ya shiga rediyo ya ce kuskuren ma'aikata ne, ya cika ledoji, ya karya farashi. Ba wanda ya dawo. Matan Ƙonni da aka buɗe iyaka suka wuce ƙofarsa ko waiwaye babu.

Masu ilimin kasuwanci suna cewa dama kantin ya kusa faɗi, rufe iyaka da tsadar sefa sun riga sun cinye shi ta ciki. Wataƙila haka ne. In an faɗa wa Lami sai ta ce ita ba ta yi boko ba, abin da ta sani ta tura kuma ya faɗi. Rassan Sakkwato aka fara rufewa, sai Kware, sai Tangaza, sai sauran. Duk ranar da labarin rufe wani ya iso, takan sayi tsire ta ci ita kaɗai a rumfa, ba ta yi wa kowa tayi. Na Illela shi ya yi ƙarshe. Yanzu 'yan albasa ne ke ajiya a ciki, allon sunan yana nan a sama rana ta cinye rabinsa.

Ta koma rumfarta da tiyar Dabo, ta jefar da waccan da ta saya a bayan ɗaki. Wata Lahadi bayan girbi, kasuwa ta cika maƙil, sai ga Mannir a ƙafa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya zo ya tsuguna a gabanta ya cire hula.

"Inna, ina wuni."

"Lahiya."

"Inna, na zaka ki yahe mani."

"Ni mi ka yi man? Wanda ka yi ma shina Araba, gabas ga gari, kusa ga aduwa. Tahi can ka hwaɗa mai, in ya amsa ka zaka ka ba ni labari."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, to ta auna masa gero tiya biyu, na gida. Lami ta dube shi. Ta san akwai rumfa ashirin a layin nan da zai iya zuwa, ta kuma san ya zo ne don a ga ta sayar masa, a ce an shirya. Ta ja buhu kusa.

"Da wace tiya kaka so in auna ma?"

"Da ta Baba Dabo."

"Ban jiya ba. Kunnena ya tsuhwa. Kai da ka saba da lasihika?"

Ya ɗaga murya kaɗan. Ta sa hannu a bayan kunne. Ya waiga ya ga Halliru a tsaye, ga teloli biyu, ga Hindatu, ga Fulani da buhunansu, kowa ya bar abin da yake yi. Ya faɗa da ƙarfi:

"Da ta Baba Dabo! Tiyatai cikakka ta. Ni na yi mai ƙarya."

Sai da maganar ta kai ƙarshen layi, na can suka tambayi na nan abin da ya ce aka maimaita musu, sannan Lami ta nutsa kwanon a cikin gero. Ta cika shi ya yi tozo, ta kewaye bakin da hannunta yadda Dabo ke yi, ta juye. Ta sake. Ta damƙo gyara hannu biyu ta watsa a kai. Ta karɓi kuɗinta cif, ba ta rage masa ko kwabo ba.

"Ɗauka," ta ce. "In ka kai gida ka gwada da taka."

Ya saɓa ƙullin ya bi ta tsakiyar mutane. Lami ba ta yafe ba, kuma ta ce kada wanda ya ce ta yafe. Ta goge bakin tiyar da gefen mayafinta, ta ɗago ta dubi na gaba a layi, wani Bafulatani matashi da buhu a kafaɗa. Ya ajiye buhun a gabanta ya ce tiya goma, da ta Dabo, zai je sallah ya dawo. Ya juya ya tafi bai waiwayo ba.